Da'ira ta Goma Sha Huɗu

Tun tana 'yar shekara bakwai aka laƙaba mata Tambaya, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Ubanta tela ne, shagonsa a bakin titi, keken ɗinki biyu da benci ɗaya. Duk wanda ya kawo ɗinki sai yarinyar nan ta tsare shi da ido: "Wannan da kuka zo tare, ƙanwarka ce ko ƙanwar matarka? To ita me take kiran babarka?" Uban yakan ɗauke ƙafa daga kan keke ya ce, "Ke, mutum ya zo a auna masa wando, kin auna masa dangi kaf." Uwar kuwa cewa take wannan baki sai dai Allah ya shirya. Babu wanda ya taɓa zaton akwai aikin da ake ba mutum ofis da kujera don ya yi ta wannan ɗabi'a. Ashe akwai.

A jami'a ta gamu da shi, a ajin wani tsohon farfesa mai nazarin al'adun mutane, wanda rigarsa kullum fara fat da ƙurar alli. Shi ya koya musu zanen dangi. Namiji alama mai kusurwa uku, mace da'ira. Layi biyu a tsakani aure ke nan, layi ya sauko ƙasa haihuwa, wanda ya mutu a soke shi da layi ɗaya. Tambaya ta kalli allo ta ji kamar an buɗe mata ƙofar ɗakin da ta daɗe tana leƙe ta taga. Sannan tsohon ya buga tebur ya ba su dokar da ya ce ta fi duka: wanda ya buɗe maka cikinsa, ka rufe masa sunansa. A takarda lamba za ka ba shi. Sunayen gaskiya kuma su zauna a ɗan littafi guda, daban, inda ido ba ya kaiwa.

Da lokacin bincikenta ya yi, 'yan ajinsu suka zaɓi wuraren da mota ke zuwa. Ita kuwa, da yake kanta da tauri, ta zaɓi wasu mutane 'yan kaɗan da ke zaune a wani kwari tsakanin duwatsu, masu harshensu daban, waɗanda ko a taswira ba a damu da su ba. Ta tafi da jaka ɗaya, da rakoda, da kaset-kaset, da ɗan littafi mai jan bango.

Wata dattijuwa ce ta sauke ta, mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu da dariyar da ake ji daga bakin rafi. Ta dubi baƙuwar sama da ƙasa, ta ce wannan ramammiya ba za ta kai damina ba in ba a tsaya mata ba, ta shimfiɗa mata tabarma kusa da ta autarta, yarinya 'yar shekara takwas. Daga ranar Tambaya ta kira ta Inna. Shekara biyu cur, Inna da safe, Inna da yamma. Wa ke kiran uwa da sunanta? Sauran mutane ma da sunan babban ɗanta suke kiranta, uwar wane. Sunanta na yanka sau ɗaya Tambaya ta ji shi, ranar farko da ta kunna rakoda. Ta rubuta shi a jan littafi, ta sa masa lamba goma sha huɗu a gefe, ta rufe. Abin da ka rubuta ai ba sai ka riƙe a ka ba, haka aka koya mata.

A bakin Inna ta samo abin da ya ɗaga ta a duniya. Mutanen nan ta wajen uwa suke ƙirga dangi, kuma a wurinsu sunan mace ba ya mutuwa. Idan mace ta rasu, sai an haifi yarinya a tsatsonta an sa mata sunan, kafin nan cewa suke marigayiyar tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta samu zama ba. Inna ta faɗi haka tana tsince tsakuwa daga hatsi, ta ƙara da cewa, "Ni dai gwiwoyina ba su da ƙwari, a gaya wa jikokina kada su bar ni a tsaye." Ta fashe da dariya, Tambaya ta rubuta har da dariyar.

Ta dawo birni ta tarar ana maganar gina madatsar ruwa a kwarin nan. Mutanen suka ce ba za su tashi ba, aka fara kama masu baki a cikinsu. Wata rana da hantsi wasu mutum biyu masu takalma masu sheƙi suka shigo sashensu a jami'a, suka ce sun ji akwai malamar da ta san kowa a kwarin, wane ɗan wane, wa ke jin maganar wa. Suna so ta taimaka musu da takardunta, gobe za su dawo. Tambaya ta ce to. Ta koma ɗakinta ta kunna risho, ta yage jan littafin shafi-shafi tana ƙonawa a cikin tsohuwar tukunya. Sannan ta zauna da kaset goma sha biyu, duk inda aka ambaci suna sai ta danna maɓallin ɗauka ta shafe wurin. Aiki ta yi mai tsafta, don ita ba ta iya aikin ha'inci ba. Da mutanen suka dawo ta shimfiɗa musu zane mai faɗin tebur, da'irori da lambobi zalla. Suka juya shi sama, suka juya shi ƙasa, suka tafi suna ƙunƙuni.

A gaskiya ta yi jarumta, kada wani ya rage mata. Ba a kama kowa ta dalilinta ba. Sai dai madatsar ba ta jira takardun kowa ba, bayan shekara huɗu ruwa ya cinye kwarin, aka kwashe mutanen a manyan motoci aka warwatsa.

Ita kuwa littafinta ya fito, aka yi ta yabo. Ta zama dakta, ta zama farfesa, aka riƙa gayyatarta taro a ƙasashen da sai an yi kwana a jirgi. Ta yi aure da wani injiniya mai haƙuri, suka yi shekara shida, suka rabu ba faɗa ba zagi, ba haihuwa. Duk shekara in sababbin ɗalibai suka shigo sai ta ba su labarin jan littafi da risho, su yi tsit, ita kuma ta ji daɗi a ranta. Duk shekara kuma sai ta ce hutun nan za ta je ta nemo inda aka kai Inna. Hutu ya zo, sai ga taro, sai ga jarrabawa, sai ga ɗalibin da aikinsa ya tsaya. Matar da ta rubuta shafi ɗari huɗu a kan zumunta ta manta cewa a ƙafa take.

Ƙanenta, wani bakanike mai baki kamar reza, shi kaɗai ke gaya mata gaskiya. "Yaya, kin san kakar kakar mutanen da ba su san da mu ba, amma in na tambaye ki sunan 'yata ta uku sai kin kalli silin." Sai ta ce, "Rufe mini baki, wanda bai san bambancin ɗan wa da ɗan ƙanwa ba." Ya ce, "Na sani mana, dukansu ni suke kawo wa mota a gyara."

Haka shekara arba'in suka wuce. Saura wata biyu ta yi ritaya, tana ofis tana cusa takardu a kwalaye, fanka na juyawa da ƙara, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata matashiya ce da kayan nas a jikinta, da ciki ya fito sosai, tana haki saboda matakala.

"Sannu da aiki, Mama. Ke ce Farfesa?"

"Ni ce, 'yata. Zauna, zauna. Wa ya bar ki kika hau bene uku da wannan kaya?"

Nas ɗin ta zauna ta buɗe jaka, ta fito da wani hoto da gefensa ya cinye. Tambaya ta sa tabarau, sai ta ga kanta, ramammiya, da littafi a hannu. Kusa da ita Inna ce, ta rufe baki da hannun nan mai tabo don tana dariya. A gabansu auta ta tsaya ƙiƙam, ta ƙame kamar soja.

"Wannan yarinyar mahaifiyata ce," in ji nas ɗin. "Ta rasu ina shekara huɗu. Gwaggona ce ta riƙe ni, ƙanwar babana, ita kuma ba ta san kowa a dangin uwata ba. Abin da ta sani kawai, daga wajen madatsa aka kawo su, kakata kuma ta rasu a shekarar da aka tashe su. Hoton nan a ƙasan akwatin mahaifiyata na same shi, da hatimin jami'ar nan a baya."

Tambaya ta yi lissafi a ranta. Shekara talatin da huɗu ke nan tana cewa za ta je gaishe da matar da ke cikin ƙasa.

"Na sayi littafinki wajen masu tsofaffin littattafai," nas ta ci gaba. "Na karanta wurin nan na bakin ƙofa. Ni ban ce na yarda da abin ba, Mama, ni ma'aikaciyar asibiti ce. Amma an yi mini hoton ciki, mace ce. Tun ranar in na wuce ƙofar ɗakina sai na kauce kamar akwai mutum. Mijina ya yarda in sa mata sunan kakata. Sunan kawai nake nema."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Tambaya, kuma har ga Allah ta zaci mai sauƙi ne.

Ta jawo zanen daga saman kabad, suka ture kwalaye, ta warware shi a kan tebur ta danne kusurwoyin da kofi da abin huda takarda. Yatsanta ya tafi kai tsaye, bai yi ko ɗar ba. "Ga kakarki, goma sha huɗu. Ga mijinta, ga 'ya'yanta shida, biyu an soke su tun suna goye. Ga mahaifiyarki, hamsin da biyu." Ta buɗe baki za ta faɗi sunan, sai ta ji wayam.

Ta rufe ido. Ga tabon hannun, ga yadda take ɗaure zani ta gefen hagu, ga waƙar da take yi wa akuya in ta ƙi shiga garke. Ga lambar nan ɓaro-ɓaro, da jan biro, a gefen dama na shafi na biyu. Amma abin da ke gefen hagu na shafin, babu shi.

"Bari mu ji kaset," ta ce, alhali ta san abin da ke cikin kaset ɗin sarai.

Rakodar tana nan, da batir sabo ta tashi. Aka ji kukan kaji, aka ji wata budurwa tana tambaya cikin harshen da ta koya da ƙyar. Sai wata murya mai kauri ta amsa. Nas ta dafe ciki da hannu biyu.

"Ita ce?"

"Ita ce."

"Me take cewa? Ni ko kalma ɗaya ban sani ba."

"Na ce ta faɗi sunanta da na mahaifiyarta. Ta ce wace irin 'ya ce ke tambayar uwarta suna, amma tunda akwatin ne ke tambaya, to, sunanta…"

Kaset ya yi shiru. Ba lalacewa ba ce, shiru ne mai tsafta, na daƙiƙa uku, da ɗan ƙas a farko da ɗan ƙas a ƙarshe. Sai muryar ta dawo tana dariya.

"Ki mayar baya, Mama, kamar ya tsallake."

Ta mayar. Kaji, tambaya, murya, shiru, dariya.

"Tsufa ya yi ne?"

Da ta ce e, da an wuce wurin, yarinyar ba za ta taɓa sani ba. Amma Tambaya ba ta iya ba. Ta ba ta labarin masu takalma, da risho, da tukunya, da maɓallin da ta danna da wannan yatsa. Labarin da ta bayar sau arba'in tana ɗaga kai, yau ta ba da shi tana kallon tebur.

Nas ta mayar da hoton cikin jaka. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Can ta ce, "Kin kyauta musu, Mama, Allah ya saka. Amma ke da kika zauna a ɗakinta shekara biyu, me kike kiranta?"

"Inna."

"Ayya," in ji nas. "Ai kowa ma yana da Inna."

Tambaya ta ce a ba ta wata biyun nan, za ta nemo. Ta kuwa nema kamar mai neman allura a rairayi. Ta zazzage kwalayen da ta riga ta ɗaure, ta bi littattafan rubutunta ashirin da uku layi-layi, ko'ina goma sha huɗu ta ce, goma sha huɗu ta yi dariya, goma sha huɗu ba ta da lafiya yau. Ta saurari kaset goma sha biyu har kunnenta ya yi zafi ko ta yi sakaci a wuri ɗaya. Ina! Budurwar nan ta shekara arba'in baya ba ta san sakaci ba, Tambaya ta zage ta a fili a cikin ofis. Ta nemi mutumin da ya fara yi mata tafinta, aka ce ya rasu bara waccan.

Ƙarshe ta kira ƙanenta. Bai yi mata ba'a ba, abin da ya tsorata ta ke nan. Ya duba mai da ruwa, suka kama hanya tun da sassafe, sai la'asar suka isa unguwar da aka ce an zuba mutanen kwari. Gidaje ne jere iri ɗaya, rufin kwano duk tsatsa, masu zama a ciki yawancinsu baƙi ne da suka zo daga baya. Da ƙyar aka kai su wurin wani tsoho makaho a gindin katanga. Ta gaishe shi da harshensu, tsohon ya zabura, ya kama hannunta ya ƙi saki, hawaye na bin gemunsa, ya ce shekara tara rabonsa da jin wannan gaisuwa.

Ya tuna Inna sarai. Mai ƙuna a hannu, mai dariya, uwar wane. Suna fa? Tsohon ya girgiza kai. "Sunan mata ai a hannun mata yake, mu maza ba ma riƙewa. Da kin zo shekara biyar da suka wuce, da ƙanwarta na nan, a gidan can mai shuɗiyar ƙofa." Sai fuskarsa ta washe. "Amma akwai wata yarinya da ta taɓa zuwa daga birni, mai akwatin magana. Ta rubuta sunan kowa da kowa a littafi. Ita za ki nema, in tana da rai."

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana sai ita, tana kiran sunayen matan kwari da ta iya tunawa ɗaya-ɗaya, tana sauraron kowanne a bakinta, tana cewa ba shi ba ne. Ƙanen ya ce, "Yaya, ki zaɓi ɗaya mai daɗi ki ba yarinyar nan mana. Wa zai ƙaryata ki?" Ta ce, "In na ba ta sunan wata, wata ce za ta zauna." Ya dube ta ta gefen ido, farfesa guda, ya canza giya.

An yi mata taron sallama a babban ɗakin sashe, da lemo da kujerun roba. Shugaban sashe, wanda ɗalibinta ne a da, ya tashi ya ba da labarin jan littafi da risho, ya ce wannan shi ne riƙon amana, yara su koya. Aka yi tafi har da tsayuwa. Tambaya ta yi murmushin da ya kamata, ta karɓi agogon bangon da aka ba ta.

Bayan kwana tara, da safe, ƙanenta ya zo gyara mata famfon kicin, ta dafa shayi ta zuba kofi biyu. Tana ɗauke da su zuwa falo waya ta yi ƙara. Ta ajiye a kan tebur ta ɗauka daga tsaye.

"Mama, ni ce. Na sauka lafiya, mace."

"Alhamdu lillahi! Barka, 'yata, barka. Ya jikin? Ya jaririyar?"

"Lafiya lau. Tana da ƙarfin murya, duk ɗakin haihuwa an san da ita." Ta rage murya. "Dangin mijina sun taru, suna jiran in faɗi suna a yi mata huɗuba. Na ce su ba ni minti biyar in kira ki. Ko Allah ya sa kin tuna?"

Tambaya ta rufe ido ta sake buɗe shafi na biyu, ta ga jan biro, ta ga lamba. Ta ji kukan jaririyar ta cikin waya, mai kauri, irin wanda za a ji daga bakin rafi.

"Ban tuna ba, 'yata. Ki yafe mini."

"Ba komai, Mama. Za a sa mata sunan mahaifiyar mijina, mutuniyar kirki ce, tana nan zaune ma tana jin daɗi. Sai na kawo miki ita kin gani."

Wayar ta katse. Ƙanen ya fito daga kicin yana goge hannu da tsumma, ya ja kujera ya ɗauki kofinsa, ya kurɓa, ya ce sukari ya yi kaɗan kamar kullum. Ya ɗaga kai ya gan ta a inda take, kusa da ƙofa, waya a hannu, shayinta na hucewa a kan tebur.

"Yaya, ki zauna mana."

"Bari tukuna," ta ce.